Na yanke wa mai tanda rabin albashi, ya ce zai kai ni ƙara

Tambaya: Malam, ina da gidan burodi a Kurna, ma'aikatana 12. Kwanakin baya mai kula da tanda ya yi barci, burodin buhun fulawa guda ya ƙone ƙurmus, na yanke masa rabin albashin watan. Yanzu yana cewa zai kai ni ƙara, wai ma doka ta ce naira 70,000 zan riƙa biyansa. Gaskiya ce ko barazana?

Amsa: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Maganar yaron nan akwai inda ya faɗi daidai, akwai inda ya zarce.

Naira 70,000 ita ce mafi ƙarancin albashi tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a watan Yulin 2024, amma dokar ta cire wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ba ta hau kanka ba ke nan. Naira 71,000 da ake ta faɗa a gari kuwa, ta ma'aikatan gwamnatin Kano ce.

Sai dai kada wannan ya ruɗe ka. Dokar ƙwadago daban take, ba ruwanta da yawan ma'aikata, kuma a nan ne ka taka sawun ɓarawo. Ba ta yarda maigida ya ci tarar ma'aikaci da kansa ba. Idan sakacinsa ya jawo asara, ana iya cire wani abu daidai misali, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna, kuma duk abin da za a cire a wata ɗaya kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi. Kai rabi ka ɗauke, kai ne mai ƙara, kai ne alƙali. In ya je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Kano, ban ga ta inda za ka fita ba. Ni dai da zan ba ka shawara, ka kira shi a gaban dattijo guda, ka mayar masa da kuɗinsa, ka ba shi takardar gargaɗi.

Kuma a tambaye shi abin da ya sa ya yi barci. Na san aikin burodi, wani tun la'asar yake gaban wuta har asuba. Duk wanda zai yi awa shida ko fiye, doka ta ba shi hutun awa ɗaya a tsakani, da yini guda cur a kowane mako. In ya cika shekara yana da hutun kwana shida da albashinsa, ko bai cika shekara ba kuma yana da har kwana 12 na rashin lafiya a shekara idan likita ya rubuta.

Abin da 'yan kasuwarmu suka fi raina shi ne takarda. "Ai yaron gida ne" ba hujja ba ce a kotu. Cikin wata uku da fara aiki dole ka ba mutum takardar da ta faɗi aikinsa, albashinsa da yadda za a rabu. Sallama ma da wa'adi: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku, mako biyu in ya kai shekara biyu, wata guda in ya kai biyar.

Tunda da wuta kuke aiki, ka yi rajista da NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi za ka riƙa biya, su ke biyan diyya in wani ya ƙone. Ranar da ka ƙara mutum uku suka zama 15 kuma, ka dawo mu yi lissafin fansho.