Kifi na ganinka mai jar koma, da sauran tambayoyin masu zuwa kamun kifi da zafi

Toh jama'a, tambayoyi sun taru, kuma abin dariya rabinsu akan taru ne da koma da fatsa, da alama zafin nan ya kora mutane bakin ruwa. Bari in ɗauko su yadda suka zo.

Wani ɗalibi yace: Malam, sana'ar kamun kifi sunanta "su", to me yasa mai yinta ake ce masa "masunci", daga ina "nci" ɗin ya fito?

Ƙanena, ba daga "su" kai tsaye aka gina kalmar ba, daga aikatau ne, wato "sunta". Ka ɗauki rubuta ka gani, mutum ɗaya marubuci, da yawa marubuta. Haka sunta, masunci, masunta, mace kuma masunciya. Dokar Hausa ce, "t" in ta haɗu da wasalin "i" a irin wannan wuri sai ta rikiɗe ta koma "c", shi yasa "t" ɗin ke dawowa a jam'i. Kuma ka lura "su" na kamun kifi ba ɗaya yake da "su" na su wane da wane ba, na kifin muryarsa faɗuwa take daga sama zuwa ƙasa, a rubutu ne kawai suke kama da juna.

Wata baiwar Allah tace kullum tana jin "kifi na ganinka mai jar koma", ita bata ma san mecece koma ba balle jarta.

Hajiya, koma raga ce mai kamar jaka da ake ɗaurawa a jikin lanƙwasasshen itace, mutum ya riƙe a hannu ya shiga ruwa yana kamfato kifi. Taru kuwa dogo ne, mutum ɗaya baya iya masa, ja ake daga gefe biyu. Birgi shine wanda ake wurgawa ya buɗe kamar laima ya faɗa ruwa. Fatsa ita ce ƙugiyar kifi, duk fatsa ƙugiya ce amma ba duk ƙugiya ce fatsa ba, wadda ake ciro guga da ita a rijiya ai ba a ce mata fatsa.

Ma'anar karin maganar, kai da kake ganin kana yi wa wani dabara a ɓoye, shi ya riga ya gano ka tun daga nesa, kallonka kawai yake. Abinda ke burge ni da ita shine ba ƙarya a ciki ko ta fuskar kifin kansa. Da zafi ruwan tafki yana ja baya yayi garau, ka tsaya a gaɓa rana na bayanka inuwarka ta faɗa kan ruwa, sai kaga ƴan ƙananan kifayen da ke gefe sun watse fyaaa kamar an watsa tsakuwa. Ba ido kaɗai ba, kifi yana da wani layi a gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya wanda yake jin motsin ruwa da shi, takun ƙafarka a gaɓa ko ka buga bokiti a cikin kwale-kwale duk labari ya kai masa. Don haka mai fatsa da ya san aikinsa yakan zauna ƙasa, ya fuskanci rana, ya rage surutu, ya bar farar riga mai ɗaukar ido a gida.

Wani kuma yace shi rani da bazara sun rikita shi, wanne ne lokacin zafi, kuma wanne yafi kyau da kamun kifi, don ya zauna tun ƙarfe 11 har la'asar ko taɓa tanarsa ba a yi ba.

Rani shine duk tsawon lokacin da babu ruwan sama, har sanyin hunturu a cikinsa yake. Bazara ita ce tsananin zafin da ke zuwa gab da faɗuwar damina. Saboda haka in zafi kake nufi bazara zaka ce, masu fassara lokacin zafi na ƙasashen sanyi da "rani" suna ɗan kauce hanya, don can ana iya tafka ruwan sama a tsakiyar zafin.

Maganar zamanka kuwa ɗan'uwa, lokacin ka ɓata. Ruwa in ya ɗumama iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take, a digiri 20 na salshiyas lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9, in ya kai digiri 30 sai ta sauka wajen 7 da rabi, ga jikin kifin kuma yana ƙara buƙatarta saboda zafin. Shi yasa da tsakar rana yake neman zurfi, ko inuwar bishiya, ko ƙarƙashin gada, ko inda rafi ke shigowa tafki da sanyayyen ruwa mai gudu. Ka je da asuba ko gab da magariba. In kuma ka iske ruwa yayi kore shar kamar an zuba fenti, yana wari, kifaye sun taso sama suna haki da sassafe ko wasu sun mutu sun juya ciki sama, to Bahaushe yace ruwa baya tsami banza, ka naɗe zarenka ka sake wuri, kar ka tsinci mataccen, kar yara ko dabba su shiga.

Sai mai tambaya akan "kifi daga kai yake ruɓewa", yace ta Hausa ce ko aro ce.

Ni dai aro nake ɗaukarta. Akwai ta a Turkanci, akwai a Rashanci, akwai a Turanci, kuma a bakin ƴan siyasa da masu sharhi a rediyo nafi jinta, ana nufin in shugaba ya lalace na ƙasa ma sun lalace. A matsayin zance tayi daɗi, amma masunci zai yi maka dariya, don kifi daga ciki yake fara lalacewa, hanji da jan abin nan na ƙarƙashin kumatunsa da yake numfashi da shi, nan ƙwayoyin cuta suka fi yawa. Abinda yasa kenan da zafi in ka kama wanda zaka tafi da shi gida, kar ka jefa shi a leda ka bar shi a rana yana mutsu-mutsu har ya mutu. Ka kashe shi nan take da bugu ɗaya a ka, ka farke cikin ka cire hanjin da jan abin, ka wanke da ruwa mai tsafta, ka binne shi cikin ƙanƙara a kula, cikin cikinsa ma ka cusa ƙanƙarar. Ana so ya zauna ƙasa da digiri 4. Ɗanyen kifi bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, in zafi ya haura digiri 32 ma awa 1 ce. Mai kyau idonsa garau yake, ka danna tsokar da yatsa ta dawo, wanda ya fara tafiya kuwa ido ya dushe, yatsa ya bar rami. Kuma kifin tafki da kogi ba a cinsa ɗanye, yana iya ɗauke da tsutsar ciki, a dafa har tsakiyarsa ya kai digiri 63, tsokar tayi fari tana rabuwa.

Wani yaro, daga rubutunsa na gane yaro ne, yace me ake nufi da "ya fi tarwaɗa santsi" kuma wai da gaske akwai kifi mai wutar lantarki?

Tarwaɗa bata da ɓawo, jikinta yauƙi ne zalla, ka damƙe ta sulle. To mutumin da baya kamuwa a magana, ka ritsa shi nan ya fita can, shine ya fi tarwaɗa santsi. Amma santsin ba shine haɗarin ba, ƙaya ce. Dangin tarwaɗa suna da ƙaya mai tauri a fiffiken gefe, ƙurungu kuma harda ta gadon baya, in ya ji hannu sai ya miƙe su su kulle ƙam, ga su da ƴan haƙora kamar zarto. Ni kaina na taɓa cafkar wani ɗan ƙaramin ƙurungu da tafin hannu don ina ganin bai kai komai ba, ƙayar ta shige tsakanin babban yatsa da manuni, yana ta gurnaninsa ƙurr ƙurr ni ina ta nawa, kwana uku hannun a kumbure ko alƙalami bana iya riƙewa. Ana riƙe shi ne daga bayan ƙayoyin, yatsu a bayan na gefe, tafin hannu bai hau ta baya ba. In ta soke ka, ka wanke da sabulu, ka tsoma wurin a ruwa mai zafi daidai wanda fata zata jure, yana rage raɗaɗin, in ya kumbura yayi ja ko guntun ƙaya ya karye a ciki sai asibiti. Fatsa ma in ta nutse a yatsa har ɗan haƙorin bayanta ya shige, kar ka fizgo ta baya, yaga nama zata yi, a yanke zaren a kai ka wajen ma'aikacin lafiya, ka kuma tambayi allurar tetanus. A cire fatsa daga bakin kifi da filaya, musamman tsage mai haƙora a waje.

Mai lantarkin kuwa gaskiya ne, minjirya sunanta, babba tana iya sakin wajen bolt 350, kar ka taɓa ta da hannu, in ta zo a fatsa ka yanke zaren kawai. Talibambam mai kumbura kamar ƙwallo shima a mayar da shi ruwa, danginsa na da guba wadda dafuwa bata kashewa. Duk wanda zaka mayar kuma ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, yauƙin nan rigarsa ce daga cuta, busasshen hannu ko tawul yana kankare ta.

Na ƙarshe yace kakarsa tana ce masa in bai daina shiga kududdufi ba zai kwaso "tsargiya", shi ya ɗauka wata dabbar ruwa ce.

Ba dabba bace ɗana, ciwo ne, wanda yaro ke fitsari da jini a ƙarshensa. Wata ƙaramar tsutsa ce da ido baya gani, tana girma a jikin katantanwar ruwa mai kwanciya a ƙasashe masu zafi, ta fito ta huda fatar wanda ya tsaya a ciki, ba sai ka sha ruwan ba. Bakin tafki mai ciyayi inda ake tsayawa har gwiwa ana jefa fatsa nan ne gidanta. Ka sa dogon takalmin roba ko ka tsaya a gaɓa, in kuma ka taɓa ganin jinin akwai maganinta a asibiti, praziquantel, a je a gwada ka. Ka gaida kakar taka.