Amsoshin Tambayoyinku: Tsoffin Kuɗin Jamus ta Gabas

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya ce an yi masa tallar takardar Mark 100 mai hoton Karl Marx, wai banki a Jamus zai musanya masa da Yuro. Ya saya?

Alhaji, riƙe kuɗinka. Idan ka ga "Staatsbank der DDR" a jikinta, ta Jamus ta Gabas ce, kuma ta daina ci tun 1 ga Yuli 1990. An rufe ƙofar canji tuni. Wadda babban bankin Jamus ke karɓa har gobe ita ce Deutsche Mark ta Yamma, 1.95583 a kan Yuro ɗaya.

Wata baiwar Allah ta ce mahaifinta ya yi karatu a Leipzig, wani birni a Jamus ta Gabas. Bayan rasuwarsa ta tsinci Mark 10 mai hoton Clara Zetkin da Mark 20 mai hoton Goethe a akwatinsa, tana tsoron su lalace.

Allah ya jiƙan Baba, ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba su da wahalar adanawa. Ki sa su a ambulan, nesa da laima da rana. Kada ki goge su da dutsen guga, kada ki kai a liƙe su da roba. Ba za su yi tsada ba, domin an buga su da yawa, amma ki nuna wa sauran magada.

Mai tambayar ko akwai sinadarin jan makuri (red mercury) a zaren da ke cikin takardar kuɗin: haba malam! Babu.

Wasiƙar da ta fi damuna ita ce ta matashin da zai sayar da babur ɗinsa ya sayi Mark 500 da wani ya turo masa hotonta, wai "ba a samunta". An buga Mark 200 da 500 da shekarar 1985, amma ba a taɓa sake su ga jama'a ba. Bayan haɗewar kuɗin Jamus ta Gabas da ta Yamma aka jibge takardun kuɗin ta Gabas, kimanin tan 3,000, a ramukan dutse kusa da garin Halberstadt don su ruɓe. A 2001 aka gano ɓarayi na shiga suna ɗiba, a 2002 aka kwashe sauran aka ƙone. To ɗana, wanda ya turo maka hoto ta WhatsApp, ina ya samo tasa? Ka taɓa riƙe ta gaske da za ka gane jabu? Wa zai saye ta a hannunka a Kantin Kwari? Babur ɗin nan shi ke kawo cefane kullum. Kada ka tura ko sisi, ko da sunan kafin alƙalami ne.