Albashi ba ya kai ni tsakiyar wata: ta ina zan fara tsuke bakin aljihu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni malamin firamare ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera da matata da 'ya'ya biyar, kuma mahaifiyata tana wurina. Tun da aka cire tallafin mai albashina ba ya kai ni 15 ga wata, sauran kwanakin da bashin mai shago muke ci. Na rage kuɗin cefane, na daina sayen nama. Yanzu uwargida na ganin rowa ce ta kama ni, ni kuma ina ganin ba ta da tattali. Don Allah ta ina magidanci zai rage kashe kuɗi ba tare da ya ƙuntata wa iyalinsa ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya yassare mana, Ya ƙara wa Inna lafiya.

Da farko dai ka sauke wa uwargida laifin nan, kai ma ka sauke wa kanka. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin 100 a cikin wata 12. Mu nan kuma ga namu na gida: an rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024, ga 'yan bindiga da suka raba manoman Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo da gonakinsu. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 zuwa 70,000, wato ninki biyu da ɗoriya, fetur kuwa ninki biyar. Babu matar da iya girkinta zai cike wannan giɓi.

Abin da na lura da shi a wasiƙarka, ka fara yanka daga tukunya, alhali ita ce ya kamata a taɓa a ƙarshe. Yawancin gidajen da nake zama da su, ba yawan abin da suke ci ne ke cinye musu kuɗi ba. Yadda suke saye ne: kaɗan-kaɗan, kullum, a kan bashi, kuma a lokacin da kaya suka fi tsada.

Kafin ka canza komai, nemi littafi ɗan 20 ka ajiye a aljihu tsawon wata guda. Duk nairar da ta fita ka rubuta, har da wadda ba ta shiga gida ba: kabu-kabu, katin waya da data (ka tuna an yarda wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025), shayi a teburin mai shayi, cajin mai POS duk sanda ka ciri 5,000, ƙanƙara lokacin zafi, kurar ruwa. Magidanta ba su cika son wannan aikin ba, don sukan tarar rabon nasu ya fi yadda suka zata. Naira 500 a kullum, wadda ba ka ko jin fitarta, 15,000 ce a wata.

Sai batun mai shago. Ba zaluntarka yake ba, sana'arsa yake. Amma duk lokacin da aka kasa galan ɗin mai zuwa kwalba, kwalba zuwa ƙulli, sai an ɗora riba da kuɗin leda. Haka sikari, haka garin sabulu, haka dunƙule. Ka gwada da kanka: tara ƙullin man gyaɗa na kwana bakwai a kwalba, ka haɗa kuɗinsa, ka tambayi farashin kwalba a babbar kasuwa. Ga shi kuma mai cin bashi ba ya taya kaya, ba ya cewa a cika masa mudu, ba ya iya tsallakawa shagon gaba. Ranar albashi rabinsa na mai shago ne tun kafin ya shigo, shi ya sa 15 ga wata take zame maka ƙarshen wata.

Ba a fita wannan rami a tsalle ɗaya. Ku zauna da shi, ku tsayar da tsohon bashi, ku yanke abin da za ka riƙa ba shi duk wata. Sannan kowane albashi ka fitar da abu guda daga jerin ƙulli ka saye shi na wata cur. Wannan watan mai, na gaba sabulu, na gaba sikari. Abin da ka rage a na farko shi zai taimaka maka sayen na biyu.

Babban wurin da kuɗi ke kwance shi ne hatsi. Gero yana shigowa kasuwa daga wajen Satumba, wake da dawa su biyo baya har zuwa Disamba. A shekarar da abubuwa suka tafi yadda aka saba, lokacin nan ne farashi ke ƙasa, sai ya yi ta hawa har tsakiyar damina, Yuni zuwa Agusta, sanda rumbun manomi ya yi ƙasa. Mai sayen tiya-tiya duk shekara yana biyan farashin bazara da na damina ba tare da ya ankara ba. Na san za ka ce ina kuɗin buhu. Nan adashe ke da rana. Idan kuna yi a makaranta, ka roƙi a ba ka kwasar Oktoba ko Nuwamba, ba ta gab da Sallah ba, wadda kan tafi a ɗinki. Idan buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗu ku huɗu ko biyar, mutum ɗaya ya tafi kasuwar Acida ko Bodinga ko Illela, a dawo a raba da tiya. Sai dai ku yi lissafin kuɗin mota da na ɗauko kaya tukuna, ku kuma tambayi lafiyar hanya. Wani lokaci da ka haɗa duka sai ka ga dillalin cikin gari ya fi sauƙi.

Sharaɗi biyu a nan. Ka sayi na ci, ba na kasuwanci ba, kuma kada ka ci bashi mai ruwa don sayensa. A 2025 farashin hatsi ya faɗi bayan gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji, waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tsada da yawansu sun tafka asara. Wanda ya ajiye na tuwon gidansa kuwa, ko farashi ya sauka, abincinsa ne zai ci.

Ajiya ita ce rabin aikin, don buhun waken da ƙwari suka huda asara ce biyu. Kakanninmu a damme suke zuba gero a rumbu, ba a sussuke ba, kuma shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ke nan, su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa. Kai da kake gidan birni ba ka da rumbu, don haka tabbatar hatsin ya bushe ƙayau: ka ciji ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a sake shanyawa. Wake kuma a zuba shi a buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhu, ana matse iska a ɗaure kowace daban. Ƙwaron da ke ciki numfashi yake rasawa ya mutu, ba a sa magani ko kaɗan. In babu, jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin, muddin an cika ta har wuya an toshe murfin da leda. A ɗora a kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Abin da nake roƙonka shi ne kada a yayyafa Sniper ko wani maganin ƙwari a abinci. Guba ce, kuma irin sinadarin nan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015.

Kayan miya ma suna da kakarsu. Daga Janairu zuwa Maris tumatir da tattasai na fadama kan yi arha. A yanka, a shanya a rufi ko kan tabarma mai tsabta, iskar hunturu da ranar Sakkwato su gama sauran. Kauɗar nan za ta riƙe ku sanda tumatir ya zama sai mai hali. Haka kuɓewa. Albasa kuwa muna cikin garinta, a saye ta lokacin da ta cika kasuwa a bazara, a baza a inuwa inda iska ke ratsawa, a riƙa tsince wadda ta fara ruɓa.

Daina sayen nama ba laifi ba ne, in an maye gurbinsa. Laifin shi ne a bar yara da tuwo da ruwan miya tsura. Wake, waken suya, gyaɗa, ƙuliƙuli, daddawa, busasshen kifi ɗan kaɗan da aka daka a miya, zogale: waɗannan su ne naman talaka. Tiyar waken suya guda tana ba da awara da madara, dusarta kuma ta shiga kunu. Ga ƙananan yara a soya gero da waken suya da gyaɗa sama-sama, a niƙa tare a riƙa dama musu. Idan akwai jariri, nonon uwa zalla na wata shida ya fi kowace madarar gwangwani, kuma kyauta ne, sai dai a ƙara wa uwar abinci. Ina nanata wannan ne don jiharmu tana cikin inda tamowa ta fi kama yara, kuma yaron da ya tsumbure a shekara biyun farko ba ya cika murmurewa gaba ɗaya. In ana neman abin ragewa a tukunya, a rage shinkafa da taliya, a koma wa gero da dawa. Tuwo, ɗanwake, dambu, fura, babu wanda ya taɓa kunyata gida.

Magani ma ba wurin tsimi ba ne. Idan Inna tana shan na hawan jini ko na sikari, kuɗinsa ya fita ranar albashi tare da na hatsi. Tsallake kwanaki don a ja shi ya kai wata, kwanciya asibiti yake jawowa. A kwana cikin gidan sauro, kuma idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina suka ƙwanƙwasa ƙofa, a ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kyauta ne. Zazzaɓi ɗaya yana iya cinye tanadin wata biyu. Ka kuma leƙa ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ka ji yadda iyalinka za su shiga.

Wuta a taƙaice: a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a haɗa girkin rana da na dare inda zai yiwu. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, a sauke a nannaɗe tukunyar da tsohon bargo, za su ƙarasa nuna da zafinsu. Maimakon ƙanƙara kullum, randa a inuwa. Akwai ma dabarar da wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da ganye sukan yi kwanaki a ciki. A busasshen zafi irin namu take aiki, da damina ƙarfinta kan ragu.

Akwai wurin da kowa ya san kuɗi na tafiya amma ba a son faɗa, wato biki da suna. Anko, gudummawa, ɗinkin kowace Sallah, ragon da aka ci bashi aka saya don kada maƙwabta su yi magana. Zumunci wajibi ne, anko ba wajibi ba ne. A je, a yi Allah sanya alheri, a kai abin da ya sawwaƙa. Layya kanta a mazhabarmu ta Malikiyya sunna ce ga wanda ba ya buƙatar kuɗinta don lalurar shekararsa, ka tambayi malamin unguwarku ka ji. Ku ware wani abu ƙayyadadde duk wata don sha'anin jama'a, in ya ƙare ya ƙare. Manhajojin bashi na waya kuwa, da masu ba da rance a riƙe katin albashi, ko kusa. Ruwan da suke ɗorawa a wata guda ya fi duk abin da za ka tsimi a cefane.

Na bar maganar uwargida zuwa nan da gangan, don duk abin da na lissafa a hannunta zai tabbata ko ya rushe. Ita ke auna tiya, ita ke hura wuta. Mace tana kiran miji marowaci ne galibi idan ba ta san abin da ke aljihunsa ba. Nuna mata saƙon albashi, nuna mata littafin nan har da shafin shayinka. Sannan ka daina ba da cefane kullum da safe ana ciniki kamar da baƙo. Ba ta na mako a dunƙule, ku yarda cewa abin da ta rage nata ne, ba za ka zabge shi daga na mako mai zuwa ba. In ka zabge sau ɗaya, ba za ta sake ragewa ba, kuma tana da gaskiya.

Tsimi yana da iyaka. Mutum takwas a kan albashin malamin firamare, mai yiwuwa bayan ka cika littafin ka ga abinci da magani da haya kaɗai sun haura abin da ke shigowa. In haka ta kasance, babu sauran abin yankewa, sai neman ƙari: darasin yamma ga yaran unguwa, 'yar gona a ƙauyenku da damina ko da ta wake ce, tunkiya ɗaya da za ta ci dusa da ɓawon wake har zuwa Layya, awara ko ƙuliƙulin da uwargida za ta riƙa sayarwa daga cikin gida. Jarin ya fito daga adashe ko daga ɗan'uwa, kuma a raba kuɗin sana'a da na cefane tun ranar farko, ko da a gwangwani biyu ne.