Kayan da za ka ɗauka daga Legas zuwa Mambila

Ɗan'uwa, ka ce daga Agege za ka tashi zuwa Gembu, garin da ke kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, kana tambayar irin tufafin da suka dace. To, kar ka auna Mambila da Legas. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600, kuma daminarsa doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba ana ruwa, ga hazo da sassafe kamar hayaƙi.

Danshin ya fi sanyin wahalarwa. Na taɓa wanke shaddata can, kwana uku tana kan igiya ba ta bushe ba, har ta soma fumfuna. Saboda haka ka bar manyan kaya a gida. Ɗauki riguna marasa nauyi da za ka sa ɗaya kan ɗaya, da suwaita, da rigar ruwa, da safa da yawa, da takalmi mai kama ƙasa, don lakar can santsi gare ta. Lema kaɗai ba ta isa in iska ta taso. Ƙulle komai a leda kafin ka sa a jaka.

Disamba da Janairu ruwa ya ɗauke, amma asuba sai da hular sanyi, alwala ma sai an ɗumama ruwa.

Don Allah kar ka kwana da gawayi a rufaffen ɗaki, yana kisa. In kana da asma ko sikila, ga likita kafin ka kama hanya.