Me ya sa kayan masana'anta suka fi na hannu araha?

Malam, ka tambayi abin da ya sa kayan masana'anta suka fi aikin hannu araha. Rabon aiki ne: kowa abu ɗaya yake ta maimaitawa, kayan na iske shi a inda yake tsaye. Da Ford, mai kamfanin ƙera motoci, ya fara haka a Amurka a 1913, haɗa mota ya sauko daga kusan awa 12 zuwa awa ɗaya da rabi.

Amma fa sai da masu saye. Na yi aiki a wata masana'antar takalman roba a Kano, nawa yanke gefen silifa ne kawai. Da kasuwa ta yi sanyi, sito ya cika har rufi, aka kashe injuna, aka ce mu zauna gida tukuna.