Na sayi mota a hannu, asiransin mai ita na da zai biya hatsarin da na yi?

Malam, ka ce ka sayi motar a Damagaram, bayan sati uku ka bugi mai babur a hanyar kasuwar Dole, takardar asiransi kuma da sunan wanda ya sayar maka. Gaskiya, kar ka sa rai da ita.

Nijar tana bin dokar CIMA, wato dokar asiransi ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, kuma a dokar, in aka sayar da mota, asiransinta yana tsayawa da kansa a ƙarshen rana ta 5 bayan ciniki. Ko takardar tana nuna saura wata takwas, ba ta ɗauke maka komai. Nan mutane ke ruɗewa, su ga kwanan wata bai cika ba su saki jiki. Sai in kun je kamfanin an maido da yarjejeniyar da sunanka.

Yanzu dai ka riƙe takardar ciniki mai kwanan wata da rahoton 'yan sanda, ka je kamfanin ka ji ta bakinsu a rubuce. Mai babur kuma, ka duba shi a asibiti, ku daidaita da dattawa. Sannan ka canza kartigiri ka yanki sabon asiransi kafin motar ta sake hawa kwalta.