Tsargiya ta dawo wa ɗana bayan ya sha magani

TAMBAYA: Likita, ɗana ɗan shekara goma yana fitsari da jini, musamman ɗigon ƙarshe. An ba su magani a makaranta ya daina, bayan wata biyar abin ya dawo. Maganin ne ba shi da kyau, ko ruwan da muke sha ne?
Wata uwa daga Kura, jihar Kano

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Ina kyautata zaton maganin ya yi aikinsa, yaron ne ya koma wanka a rafi.

Tsargiya tsutsa ce mai gida biyu: jikin mutum, da jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Idan mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayenta sai su ƙyanƙyashe, su nemi dodon koɗin su shige. A cikinsa suke hayayyafa na wasu makonni, sannan su fito dubbai suna iyo. Da yaro ya tsoma ƙafa, ta fata suke shiga, ba sai ya sha ruwan ba. Su girma, mace da namiji su tare a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna saka ƙwai.

Ƙwan shi ne masifar. Na sha kallonsa a madubin likita, yana da 'yar ƙaya a gindinsa, kuma ratsa bangon mafitsara da yake yi ne ke jawo jinin da kike gani. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar a Alƙahira, amma har yau ina jin ana cewa jinin alamar balaga ce. Wannan magana tana ci mini rai, domin idan abin ya daɗe yana taɓa ƙoda, yana iya kaiwa ga sankarar mafitsara.

Maganin, praziquantel, manyan tsutsotsi yake kashewa, ba ya hana sababbi shiga. Ku kuma a Kura hanyoyin ruwan noman rani suna bakin gida, dodon koɗin nan kuwa ruwa mai tafiya a hankali yake so.

Ki mayar da shi asibiti a gwada fitsarin, a sake ba shi magani daidai nauyinsa, ya sha bayan ya ci abinci. A duba 'yan'uwansa har da mata. Ruwan wankan da aka ɗebo daga rafi, a tafasa shi ko a bar shi a randa kwana biyu kafin ya taɓa jiki.